Biyu Cikin Shida

Hodi na Zauro yana da 'ya'ya shida da gonar shinkafa ɗaya a fadama, kuma a shekarar da ya sayi injin ban ruwa gonar ta nemi biyu daga cikin 'ya'yan. Mutum ne mai taurin kai, ba ya jin magana sai ta taka shi. Wannan karon ta taka shi.

Gonar gado ce, doguwa, kanta a bakin hanya, ƙafarta a gulbi. Tun zamanin kakansa kunya biyu ce ta ratsa ta, ta raba ta kashi uku daidai. Ukun duka ake shukawa, ukun duka ake cire wa ciyawa, amma ranar yanka biyu kawai ake yankewa. Na ukun, wanda ke bakin ruwa, ba a sa masa lauje. Kason gulbi suke ce masa a gidansu. A bar shi tsaye da ƙwayarsa, a juya baya, a tafi gida. In an dawo bayan 'yan kwanaki sai a tarar da kara tsaye ba ƙwaya ko ɗaya, kamar an bi shi da mataji. Wasu su ce tsuntsaye ne. Liman ya taɓa cewa sadaka ce ga halittun Allah, ko waɗanne iri ne, ba laifi a ciki. Uban Hodi kuwa bai taɓa cewa komai ba. Yana bari ne kawai, har ya rasu.

Da Hodi ya kawo inji don noman rani, sai ya ga ruwa ba ya zama a fili mai faɗi, yana taruwa gefe guda ya bar gefe guda a bushe. Ya ɗauki fartanya ya ja sabuwar kunya a tsakiyar kowane kashi. Uku suka koma fangali shida. Shinkafa ta yi kyau a shekarar, irin kyan da ke sa mai gona rashin kunya.

Ranar yanka ya yanke fangali huɗu, ya tsaya ya dubi biyun da suka rage. Ya tuna man da injin ya sha, ya tuna taki, ya tuna bayansa da ke ciwo. Ya shiga na biyar da laujensa.

Tamba, maƙwabcinsa na gona, yana zaune kan kunyarsa yana korar tsuntsaye, don shi ya yi dashe a makare, tasa ba ta isa yanka ba. Ya ɗaga murya.

"Kai, sarkin noma! Wanga fa na gulbi na."

"Na gulbi ga shi can," in ji Hodi, ya nuna fangalin ƙarshe da bakin lauje.

"Tsohonka ba haka shika yi ba."

"Baba guda shika bari. Ni ma guda nib bari. Guda da guda, ina bambanci?"

"To, malamin lissahi. Allah shi sa gulbin bai yi boko ba."

Suka yi dariya su biyun. Hodi ya yanke fangalin tas, aka buge, aka sheƙe, aka ɗinke buhu talatin, aka kai gida a amalanke.

Abin da ya fara damunsa shi ne fangalin da ya bari. Ya dawo bayan 'yan kwanaki yana sa ran kara tsaye, sai ya tarar da shinkafa yadda ya bar ta, ba a taɓa ko ƙwaya ba. Tsuntsaye suna sauka gonar Tamba baƙi ƙirin, har Tamba ya dushe don ihu, amma in sun zo kan wannan fangalin sai garken ya rabu biyu, ya kewaye, ya haɗe a gaba. Babu kwaɗo a ciki, babu ko fara. Rana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, amma da ya sa hannu a ruwan da ke kwance a gindin shinkafar sai ya ji shi kamar na randa. Ya goge hannun a riga, ya ce wa kansa inuwa ce.

Matarsa Kulsumi ita ke turara shinkafa tana surfawa tana sayarwa. Ta kwance buhu na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku ta zuba hannu sai ta ji ba nauyi. Ɓuntu ne zalla, kowace ƙwaya a rufe kamar ba a taɓa ta ba, amma in ka murza sai iska. Ta kira shi. Suka bi buhunan ɗaya bayan ɗaya suna soka hannu, suka ware goma a gefe. Ɗinkin nasa ne, da hannunsa ya yi, ba inda aka farke.

"Masu bugu sunka cuce ni," in ji Hodi.

"Malam, gabanka anka auna."

"Na ce su na."

Bayan haka agwagin gidan, su goma sha biyu, suka fita kiwo bakin ruwa kamar kullum, takwas suka dawo. Wani masunci ya ce ya ga huɗu sun nufi tsakiyar gulbi a jere, sun nutsa kai, ya yi ta jira su ɗago har ya gaji. Sai kuma akuya. Uku ne da su, ɗaya ta kwanta da hantsi a gindin turke, cikinta a kumbure, ruwa yana fita ta hanci, alhali tun safe ba a ba ta ruwa ba. Hodi ya ce ta ci leda. Yana da amsa ga kowane abu, kuma kowace amsa da tsawa yake ba da ita.

Ranar da yara suka dawo daga makaranta da azahar, huɗu suka faɗa wa tuwo, biyu suka wuce tabarma suka kwanta: Munzali, na uku a gidan, da Fiddausi, autar. Kulsumi ta taɓa goshinsu tana neman zazzaɓi, ta ji sanyi. Gashinsu a jiƙe, jikinsu yana warin laka, irin ta ƙasan gulbi. Ta girgiza su, ta kira sunansu, ta yayyafa musu ruwan addu'a. Suna numfashi, amma ba su buɗe ido ba.

A kan kabu-kabu biyu aka kai su asibiti a Birnin Kebbi. Ma'aikatan sun yi iya yinsu. An ɗebi jini, an auna, an sake aunawa, ba a ga maleriya ba, ba a ga komai ba. Aka sa musu ƙarin ruwa, aka ce a jira. Kulsumi tana canza musu zanen gado, in ta juya sai ta tarar ya sake jiƙewa ta wajen kai.

A barandar asibitin ta tare shi.

"Malam, ka tahi Argungu wurin Gwaggo."

"In yi mi?"

"Buhu goma. Agwagi huɗu. Akuya guda. Yanzu ɗiya biyu. Ni dai jikina ya ba ni abu guda na."

"Goma daban, huɗu daban, guda daban! Wane irin abu guda? Ke komi sai kin haɗa shi da wani."

"To zauna nan ka yi ta gardama da ni, har su gama sanyi."

Ya dube ta kamar zai mare ta da magana. Ya dubi ƙofar ɗakin. Ya tafi tasha.

Gwaggo Riskuwa ƙanwar ubansa ce, ita kaɗai ta rage a cikinsu. A Argungu ta yi aure, can ta tsufa tana bandar kifi, har hayaƙi ya cinye mata rabin gani. Ya same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan wayar banda. Bai gama gaisuwa ba ta ɗaga hanci ta shaƙa.

"Hodi na? Warin gulbi nika ji gare ka. Ka yanke."

"Ban yanke ba, Gwaggo. Na bar guda, yadda Baba shika yi."

"Guda cikin nawa?"

Ya ce shida.

"Kai, Allah wadan kan ga naka. Da shi da turmi ban san wanda yaf fi tauri ba. Zauna."

Ya zauna a ƙasa. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a cinya, ta naɗe shi uku, ta danna da tafin hannu, ta ware. Layi biyu suka fito a jikin mayafin.

"Ga gonar ubanka. Ina kason gulbi?"

Ya nuna na gefe. Ta ce ya ɗora hannunsa a kai, kada ya ɗauke. Ya ɗora. Ta kama mayafin ta ƙara masa layi da farce a tsakiyar kowane kashi.

"Ga taka. Gida nawa ag ga ƙarƙashin hannunka?"

"Biyu."

"Hannunka ya ƙara girma?"

"A'a."

"Mayahin ya ƙara tsawo?"

"A'a, Gwaggo."

"To guda cikin ukku, shi na biyu cikin shidda. Ko ka yanka ta gida ɗari, nasu bai canza wuri. Kai kab ba su rabin nasu, kac ce ka cika. Shi ya sa ba su taɓa shi ba. Ba su karɓar ragi. In ba ka ba su da hannunka ba, su ɗauka da nasu, kuma ba gona kaɗai suka kallo ba."

Hodi ya dubi hannunsa a kan mayafin. Bai yi boko ba, amma ya san kaso, ya sha raba kifi a bakin ruwa. Ya kasa buhu talatin gida uku a zuciyarsa, goma-goma. Ya kasa agwagi goma sha biyu, huɗu-huɗu. Awaki uku, ɗaya-ɗaya. Ya zo kan 'ya'ya shida, biyu-biyu.

"In kai musu buhuna," ya ce. "Duka ashirin ɗin."

"Ka taɓa ganin ubanka ya kai buhu? Tsaye suka karɓa, da saiwa cikin ƙasa."

"Na riga na yanke, Gwaggo!"

"Kada ka yi mini tsawa, ba ni niy yanke ba. Ka hwasa kunyar da kaj ja cikin kasonsu, shi koma guda yadda shike. Ka cika shi da shinkafa nunanna, tsaye. Inda za ka samo ta, kai kas sani. In ka ƙare ka juya baya. Komi kaj ji, kada ka ɗaga kai, kada ka yi ma kowa magana cikin kasonsu."

"Su wa na, Gwaggo?"

Ta mayar da mayafinta ta ɗauki kifi ta juya.

"Ni ma haka nit tambayi kakanka. Yac ce maƙwabta na, sun riga mu zuwa."

Shinkafa nunanna a tsaye, a duk wannan gefen fadamar, ta Tamba ce kawai ta rage. Hodi ya same shi a kan kunya ya faɗa masa abin da yake so: fangali guda, ba yanka ba, tona, da saiwa da laka.

"Dashen shinkafar da tan nuna?" in ji Tamba. "Sarkin noma, rana ta taɓa ka?"

"Ɗauki injin. Da tiyo, da komi."

Tamba ya buɗe baki zai yi wani ba'a, sai ya ga fuskar Hodi. Ya ji labarin yaran a gari. Ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

"Riƙe injinka. In sun tashi mu yi wagga magana. Ni in tona in kawo maka iyaka. Amma ƙahwata ba ta taka wurin ga, ko da kuɗin hajji."

Haka suka yi. Hodi ya fasa kunyar da ke tsakanin fangalin da ya bari da wanda ya yanke, ya baje ƙasar, ya tada inji ya jiƙa wurin. Tamba yana tono gindi-gindi yana jerawa a iyaka, Hodi yana ɗauka a kwando a ka, laka tana zubo masa a wuya, yana dasawa a tsakanin tsofaffin kututture. Shinkafar da ta nuna ba ta son a taɓa ta, tana kwanciya, tana zubar da ƙwaya. Sai ya tallafe ta, ya danna gindin da diddige, ya jingina wannan da wancan. Masu wucewa kan babur suna tsayawa su kalla. Wani ya ce Hodi ya haukace, wani ya ɗauki hoto. Bai ɗaga kai ba. Kulsumi tana kira daga asibiti, maganar ɗaya ce kullum: suna nan yadda suke, sai dai hannun Fiddausi ya fara yin yaushi kamar na wanda ya daɗe a ruwa.

Da rana tsaka ya dasa gindin ƙarshe. Ya kashe inji. Ya fito ya tsaya a gonarsa da aka yanke, ya juya wa gulbi baya. Tamba tuni ya ja can nesa, gindin wata bishiya a bakin hanya.

Fadamar ta yi tsit. Tsuntsayen da ke damun kowa babu ko ɗaya a sama. Babu iska. Sai ya ji ruwa ya motsa a bayansa, a hankali, kamar mutane da yawa suna fitowa daga wanka ba sa son a ji su. Sai kuma wani sauti, shuu, shuu, irin na mata suna sheƙa a masussuka. Ya kafa ido a kan babban yatsan ƙafarsa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya kusa faɗuwa. Kulsumi ce.

"Malam! Munzali ya tashi! Shina neman hura!"

"Alhamdu lillahi. Fiddausi fa?"

Ya ji muryoyin ma'aikata a bayanta, ana gudu, ana tura wani abu mai taya.

"Numhwashinta ya yi ƙasa, Malam. Sun ce in hita waje."

Wayar ta katse. Hodi ya tsaya da ita a hannu. Ya cika kason, da hannunsa ya cika shi, gindi bayan gindi. Me ya rage? Ya bi wurin a zuciyarsa daga gefe zuwa gefe, sai ya tsaya cak a tsakiya. Inda kunyar take. Ya fasa ta, ya baje ta, amma bai dasa komai a kai ba, don ta nan yake bi da kwando. Siririn layi na laka tsirara, faɗin taku ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. A zamanin ubansa shinkafa ce ke wurin. Fangali biyun da ya mayar ba su cika kashi ɗayan ba.

Akwai sauran gindi a iyaka, waɗanda Tamba ya tona suka yi yawa. Hodi ya ajiye wayar a kan kunya, ya rungumo su, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya juya ya shiga.

Ruwan da ɗazu bai wuce idon sawu ba yanzu ya kai ƙwauri, kuma sanyinsa har cikin ƙashi. Dama da hagu shinkafa tana rawa ba iska. Ƙaiƙayi yana zubo masa a ƙeya. Ta gefen ido yana ganin ruwa yana yin zobe-zobe, kamar inda ƙafafu ke tsaye, da yawa, manya da ƙanana, kuma zoben suna matsawa su ba shi hanya. Bai ɗaga kai ba. Ya soka gindi, ya danna, ya matsa. Ya soka, ya danna, ya matsa. Wani abu ya tsaya dab da kafaɗarsa yana numfashi, numfashin yana warin laka, ya bi shi taku bayan taku kamar mai gona yana duba aikin ɗan ƙwadago. Wani gindin ya kwanta, kafin Hodi ya miƙa hannu sai ya ga ya tashi ya tsaya da kansa.

Can wajen tsakiya diddigensa ya sauka kan wani abu ƙarami mai laushi. Abin ya janye da sauri. Hodi ya ciji leɓe har ya ji gishirin jini, ya ci gaba.

Ya dasa na ƙarshe a bakin iyaka, ya fito da rarrafe, ya zagaya ta gonar Tamba yana kallon ƙasa har ya iso inda ya bar wayar. Tana ta ƙara. Hannunsa duk laka, sai da ya danna ya sake dannawa kafin ta ɗauka.

Ba muryar Kulsumi ba ce. Ƙaramar murya ce, a dushe, irin ta wanda ya tashi daga barci mai nauyi.

"Baba."

"Na'am, uwata. Na'am." Ya zauna daɓas a kan kunya.

"Inna ta ce in gaishe ka."

"Ina amsawa. Kin tashi? Mi kika so in kawo miki?"

"Baba, kai kat taka mini ƙahwa."

Hodi ya dubi diddigensa.

"Ina ta kiranka, ba ka dube ni ba. Ko sannu ba ka ce ba."

A bayansa sheƙar ta tsaya. Ruwa ya motsa sau ɗaya, can wajen gulbi, ya kwanta. Daga bakin hanya Tamba yana ɗaga hannu yana tambaya da ihu ko lafiya.

"Sannu, uwata," in ji Hodi. "Sannu. Ban gan ki ba."